Mbube: waƙar da ta ci kasuwar duniya da sunan wasu

A watan Disamba na 1961, waƙar da ke kan gaba a jadawalin waƙoƙi na mujallar Billboard ta Amurka ita ce "The Lion Sleeps Tonight", wadda wasu samari 'yan unguwar Brooklyn ta New York masu kiran kansu The Tokens suka rera. Mako uku ta yi tana riƙe da lamba ɗaya. Wanda ya duba jikin faifan, wurin da ake rubuta sunayen masu waƙa, Amurkawa zai gani: George David Weiss da Hugo Peretti da Luigi Creatore. Shi kuwa mutumin da karin waƙar ya fara fitowa daga bakinsa, Solomon Linda, yana can Soweto a Afirka ta Kudu, ciwon ƙoda ya riga ya kama shi. A 1962 ya rasu, abin da aka tarar a asusunsa na banki bai kai dala 30 ba. Sai da aka shekara 18 kafin iyalinsa su iya kafa dutse a kan kabarinsa.

An saba ba da labarin nan a matsayin sata tsagwaronta: Turawa sun kwashe wa baƙin mutum waƙarsa. Da gaskiya a ciki, amma a ganina abin ya fi haka sarƙaƙiya, ya kuma fi haka ban takaici. Ba wanda ya haura katanga da dare. Kusan duk takun da waƙar ta yi, daga Johannesburg zuwa New York, daga nan zuwa Landan da Faris, da takarda da sa hannu ta yi shi. Mai son gane yadda waƙa ke mamaye duniya alhali mai ita ya tashi a tutar babu, dole ya raba abu biyu da mutane ke yi wa kallon abu ɗaya: jadawalin da ke nuna wa ake saurare, da takardar da ke nuna wa za a biya.

An haifi Linda a 1909 a yankin Natal, ƙasar Zulu. Kamar dubban samarin ƙauye na zamaninsa, ya tafi ci-rani Johannesburg, inda leburori baƙaƙe ke cunkushe a gidajen kwanan ma'aikata, maza zalla, nesa da iyali. A irin waɗannan wurare ake gasar waƙa a daren Asabar, ƙungiya ta fito bayan ƙungiya, ba ganga ba molo, murya ce kaɗai. Ƙungiyarsa, Evening Birds, ta yi suna da kwat mai ratsi-ratsi da hular Turawa, da kuma salon da ya zama nata: maza masu kaurin murya na riƙe da amshi a ƙasa, Linda na shawagi a sama da siririyar murya.

A 1939 suka shiga ɗakin ɗaukar murya na kamfanin Gallo, suka rera "Mbube", wato zaki da harshen Zulu. Sau uku aka ɗauka. Wanda ya saurari faifan a yau zai ji shi da ƙarar allurar garmaho, 'yan amshi suna ta nanata abu guda, Linda na kai da komo a kansu da kira da guɗa. Sai can dab da ƙarshe ya saki wani guntun kari wanda da ji ka san a take ya zo masa, ya hau ya gangaro cikin 'yan daƙiƙu, faifan ya ƙare. Wannan guntun karin shi ne daga baya aka ɗora wa baitukan Turanci, shi ne kuma abin da yaro a Japan ko Brazil zai iya rera maka yau. Sule goma aka ba Linda, rabin fam ke nan, haƙƙin waƙar ya koma hannun kamfani. Aka kuma ba shi aiki a wurin, yana shara da jera faifai a kwali.

Faifan ya sayu sosai. Kafin shekarun 1940 su ƙare an sayar da kusan 100,000, har sunan waƙar ya zama sunan salon gaba ɗaya, salon da mawaƙan Afirka ta Kudu 'yan ƙungiyar Ladysmith Black Mambazo suka gada suka gyara. Ke nan "Mbube" ta riga ta yi tashe tun ba Ba'amurken da ya ji ta. Abin da ta rasa shi ne mai ƙirga. Jadawalin waƙoƙin Birtaniya a 1952 aka fara shi, Hot 100 na Billboard kuma a 1958, kowanne shagunan ƙasarsa kawai yake ƙirgawa, na Amurka ya haɗa da gidajen rediyonta. Don haka idan aka ce waƙa ta yi nasara a duniya, a wancan zamanin ma'anarsa ta sayu a ƙasa biyu ko uku masu kuɗi da ke ajiye lissafi. Leburan da ya tara kwabbansa ya sayi faifai a Johannesburg ko Bulawayo ba ya cikin ƙidayar.

Sai a fahimci yadda doka ta tsara sake rera waƙar wani, domin a nan gizo ke saƙar. Kowace waƙa da ke kasuwa haƙƙi biyu ne a kanta. Na farko haƙƙin waƙar kanta, wato karin da baitukan, wanda ke hannun mai ƙirƙira da kamfanin da ke yi masa dillanci. Na biyu haƙƙin muryar da aka ɗauka a faifai, wanda galibi na kamfanin faifai ne. Tun 1909 dokar Amurka ta ce da zarar waƙa ta fita kasuwa, kowa na iya sake rera ta ba sai ya nemi izini ba, muddin zai biya mai haƙƙin farko abin da doka ta yanka. Senti biyu ne a kan kowane faifai, haka kuma ya tsaya kusan shekara saba'in. Ƙari a kan haka, gidajen rediyon Amurka na gargajiya masu ƙirƙira da dillalansu suke biya, ba mai rerawa ba. Mawaƙi na iya cika gari da muryarsa, amma wanda sunansa ke rubuce a matsayin mai waƙar shi ne kuɗi ke bi har gida, duk lokacin da wani ya sake rerawa, ko aka sa ta a fim, ko a talla. Tsarin a kan kansa ba mugu ba ne. An yi shi ne don waƙa ta yi yawo mai ita ya ci moriya. Sai dai gaba ɗayansa ya rataya ne a kan layi guda na rubutu.

Akwai kuma wata ƙofa a gefe. Waƙar da aka ce ta gargajiya ce, ba a san mai ita ba, ba ta kowa ba ce. Wanda ya ɗauke ta ya yi mata sabon zubi yana iya rajistar zubin da sunansa, ya riƙa karɓar la'ada. Ta wannan ƙofa "Mbube" ta fita.

Masanin waƙoƙin gargajiya Alan Lomax ne ya ci karo da faifan a New York, ya sa wa abokinsa Pete Seeger na ƙungiyar The Weavers. Seeger bai jin Zulu, amshin da ke cewa "uyimbube" sai kunnensa ya ji "wimoweh", da wannan suna kuma suka ɗauki tasu a kamfanin Decca. A 1952 ta hau jadawalin Billboard na lokacin, wanda ya gabaci Hot 100. A wurin sunan mai waƙa aka rubuta Paul Campbell, mutumin da ba a taɓa haifa ba. Sunan aro ne da ƙungiyar da dillalanta ke sawa a kan waƙoƙin da suka ɗauka na gargajiya ne, don la'adar ta zo musu. Da Gallo ya ji labari ya taso, amma ba don Linda ba: aka daidaita tsakanin kamfani da kamfani, kowa ya san yankin da zai riƙa karɓa. Seeger ya faɗa daga baya cewa ya aika wa Linda dala 1,000, ya kuma ce a riƙa tura wa Linda kason da shi Seeger ke samu, amma bai bi sawu ya ga ko ana turawa ba. Abin lura shi ne Seeger ba ɗan jari-hujja ba ne. Mai rajin kare talaka ne, har ma a daidai lokacin da waƙar ke tashe aka zargi 'yan ƙungiyar da kwaminisanci, rediyo ya juya musu baya. Idan mai irin wannan ra'ayi zai ji muryar Bazulu a faifai da sunansa rubuce a jiki, amma ya ɗauka kayan gadon ƙabila ne ba aikin mutum ɗaya ba, to matsalar ta wuce kwaɗayi. Zato ne da ya yi kaka-gida, cewa Bature shi ke tsara waƙa, ɗan Afirka kuwa gadonta yake yi.

Wannan magana ta shafe mu, shi ya sa zan ɗan ratse. Mu ma nan mun san aron kari. Waƙoƙin finafinan Hausa da yawa a kan karin waƙoƙin Indiya suka hau, 'yan bandiri a Kano ma sun daɗe suna juya irin wannan kari zuwa bege, ba kuma wanda ya ga abin kunya a ciki. Amma mun saba kiran waƙoƙin Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos da Barmani Choge "waƙoƙin gargajiya", alhali mun san waɗanda suka yi su, mun san garuruwansu, magadansu na nan da rai. A bakinmu kalmar kayan kiɗa take nufi, kalangu da kuntigi da ƙwarya. A kunnen lauyan wani kamfani na waje kuwa tana iya nufin kayan da ba mai shi.

A koma kan Tokens. Sun san "Wimoweh" daga faifan Weavers, suka kai ta kamfanin RCA a 1961. Peretti da Creatore, masu shirya musu faifai, suka ga ba za ta sayu ba baituka ba, suka kira Weiss. Wannan aiki ba baƙo ba ne a wurin mutanen uku: a shekarar nan suka ɗauki karin wata tsohuwar waƙar Faransa ta ƙarni na 18 suka yi wa Elvis Presley "Can't Help Falling in Love". Bambancin shi ne mai waccan ya daɗe a ƙasa, mai wannan yana raye. Weiss ya ɗauko guntun karin nan na ƙarshen faifan Linda ya mai da shi ƙashin bayan waƙar, ya ɗora masa 'yan baituka kan zaki mai barci a kurmi (zaki dai dabbar fili ce, ba ta kurmi ba, amma wa zai tsaya tambaya a Brooklyn). Aka kawo mawaƙiyar opera Anita Darian ta yi shawagi a sama. Samarin ba su ma so waƙar ba, a bayan faifai aka sa ta, gaban kuwa wata ce mai suna "Tina". Masu gabatar da shiri a rediyo suka juya faifan, sauran kuma jadawali ya faɗa.

Ba zan ce Weiss bai yi komai ba. Ya yi. Shi ya ji abin da ke ɓoye a ƙarshen faifan ya jawo shi gaba, kuma waƙar da ba ta da baitukan Turanci da wuya ta kai lamba ɗaya a Amurkar 1961. Ya cancanci kaso. Abin da bai cancanta ba shi ne kason wanda ya yi karin.

Daga nan sai waƙar ta zama gonar kowa. A Birtaniya ta Tokens a lamba 11 ta tsaya, amma wani ɗan Scotland, Karl Denver, ya kai tasa "Wimoweh" lamba huɗu a 1962. A shekarar ce Henri Salvador ya yi ta da Faransanci, inda zakin ba barci ya yi ba, mutuwa ya yi. Robert John ya mayar da ita lamba uku a Amurka a 1972. A 1982 ƙungiyar Tight Fit ta riƙe lamba ɗaya a Birtaniya mako uku, kuma wannan ya fi kowanne nuna abin da jadawali ke aunawa: wanda ya rera a faifan daban, kyakkyawan saurayin da aka tsayar a talabijin da kayan daji yana motsa baki daban. Bayan shekara goma ƙungiyar Pow Wow ta sake tayar da ita a Faransa. Mawaƙiyar Afirka ta Kudu Miriam Makeba kuwa tun 1960 ta rera ta da ainihin sunanta, "Mbube", amma ba tata ce ta hau jadawali ba.

Me ya sa wannan waƙa ta jure sake-saken nan, wasu dubbai suka mutu da zamaninsu? Ina ganin amsar na cikin ginin da Linda ya yi mata. Amshin ba ya bukatar ka san harshe, ƙaramin yaro na kama shi a ji ɗaya. Ƙasan waƙar zagaye yake yi ba ya ƙarewa, don haka kana iya ɗora masa kowane kiɗa, na coci ko na gidan rawa. Saman kuma fili ne da mai murya zai nuna bajinta. Kowane sabon zubi yana tallata na baya, yana kuma shirya wa na gaba kunnuwa: yaron da ya ji ta a 1961 shi ne uban da ya saya wa 'ya'yansa a 1982. Da ba a yi ta sake rera ta ba, da wataƙila yau "Mbube" tana cikin akwatin masu tara tsofaffin faifai. Sake rerawa ce ta raya ta. Amma kowane zubi yana ƙara nesanta ta da sunan mai ita, har ya zama kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

A farkon shekarun 1990 dillalan "Wimoweh" da ɓangaren Weiss suka yi rigima kan wa zai riƙe haƙƙin zubin Tokens bayan wa'adin rajistar farko ya cika. Masu sasanci suka ba Weiss, tare da sharaɗin a riƙa tura wa magadan Linda kashi 10 cikin ɗari na wani ɓangare na la'adar. Ba a jima ba, a 1994, kamfanin Disney ya fitar da fim ɗin The Lion King, aka sa waƙar a bakin wasu dabbobi biyu masu ban dariya, sannan aka kai ta wasan dandamali na Broadway, a New York, a 1997. Tsohon faifan Tokens ma ya sake leƙa jadawali bayan shekara talatin da uku. 'Ya'yan Linda mata kuwa suna Soweto cikin talauci.

A shekarar 2000 ɗan jaridar Afirka ta Kudu Rian Malan ya bi diddigin kuɗin a wani dogon rahoto a mujallar Rolling Stone, ya ƙiyasta cewa waƙar ta samar da la'ada ta kusan dala miliyan 15. Rahoton ya tayar da ƙura, amma ƙura ba ta warware takarda. Linda ya sa hannu, iyalinsa ma an sa su sun sa hannu daga baya. Amurka kuma sai a 1989 ta shiga yarjejeniyar Berne ta kare haƙƙin mallaka tsakanin ƙasashe. A zahiri ba ƙofa.

Lauya Owen Dean ne ya samo ta, a wurin da ba wanda ya zata: dokar haƙƙin mallaka ta daular Birtaniya ta 1911, wadda Afirka ta Kudu ta ɗauka a 1916, wadda kuma ta yi aiki a Nijeriya har 1970. A cikinta akwai wani sashe da lauyoyi ke wa laƙabi da sunan marubuci Charles Dickens. Ya ce ko da mai fasaha ya sayar da haƙƙinsa, shekara 25 bayan mutuwarsa haƙƙin zai koma ga magadansa. Linda ya rasu a 1962, ke nan tun 1987 haƙƙin "Mbube" ya dawo gida ba wanda ya sani, duk wanda ya yi amfani da waƙar a Afirka ta Kudu daga lokacin kuma ba da izinin masu ita ya yi ba. Dokar 'yan mulkin mallaka ce, an yi ta ne don marayun marubutan Ingila, sai ga ta ta yi wa marayun Bazulu rana.

Saura wa za a kai ƙara. Kamfanin Abilene Music da ke riƙe da haƙƙin Weiss ba shi da ko tsinke a Afirka ta Kudu. Disney kuwa yana da tamburan kasuwanci sama da 200 da ya yi wa rajista a ƙasar. A 2004 lauyoyin magada suka nemi kotu ta riƙe tamburan, har da na Mickey Mouse, a matsayin jingina, suka nemi diyyar rand miliyan 10, kimanin dala miliyan 1.6 a lokacin. Disney ya ce shi haya ya karɓa daga Abilene, ya nemi a sake masa kayansa, kotu ta ƙi. Kuɗin da aka nema ba wani abu ba ne a wurin irin wannan kamfani. Abin tsoron shi ne idan aka yanke hukunci, ana iya shigar da irin ƙarar a sauran ƙasashen da dokar 1911 ta taɓa aiki, ga kuma abin kunyar a ce kamfanin da ke sayar wa yara labarin Afirka yana shari'a da marayun Soweto.

A Fabrairu na 2006, ana dab da fara sauraron shari'a, aka yi sulhu da Abilene. Ba a bayyana adadin kuɗin ba. An amince a biya na baya, a riƙa biyan na gaba ta hannun wani asusun amana, a kuma rubuta sunan Solomon Linda cikin waɗanda suka tsara "The Lion Sleeps Tonight", shekara 67 bayan ya rera karin. Tunda sulhu ne, ba alƙalin da ya yanke cewa an cuce shi, ba kuma hukuncin da wani mawaƙi zai dogara da shi gobe.

Sulhun ma yana da wa'adi. Haƙƙin mallaka a Afirka ta Kudu shekara 50 yake yi bayan mutuwar mai shi, na Linda ya cika a 2012, yarjejeniyar biyan magada kuma ta ƙare a ƙarshen 2017. A Yuli na 2019 Disney ya fitar da sabon zubin The Lion King, da waƙar a ciki, fim ɗin ya tara sama da dala biliyan 1.6.